Yatsu Bakwai na Abba Dungus

Abba Dungus yakan riga dawaki isowa. Da an idar da sallar asuba zai fito daga gidansa na bayan mahauta, jakar fata a kafaɗa, ya bi gefen kasuwa a hankali har gindin tsamiyar da ke kusa da famfon garinmu, Am-Sayala. Aikinsa na farko tsintar ƙasa ne. Zai sunkuya ya kwashe ƙusa, fasasshiyar kwalba, guntun waya, da ledar da iska ta kawo. Leda ta fi komai ba shi haushi. Ya ce ya taɓa ganin dokin da ya shekara goma yana jan ruwa bai taɓa firgita ba, leda guda ta tashi a gabansa ya kusa kashe mai shi. In ya gama tsinta sai ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, wanda ya yi sako-sako ya ƙara masa ƙasa. Sannan ne zai zauna, Iya Kaltuma mai shayi ta miƙo masa jan shayinsa, ya sha yana jiran ƙarar amalanke na farko.

Amalanken ruwa sun kai arba'in a garin nan, kowanne da dokinsa da durorinsa biyu. Babu gidan da ke shan ruwa ba tare da wani doki ya jawo shi ba. Dawakin nan kuwa duk ta hannun tsohon nan suke bi. Shi ke gyara musu kofato, ya wanke gyambon da sirdi ya yi, ya cire kaska, ya duba baki in doki ya ƙi cin harawa. Babu ofishin da ya ɗauke shi aiki, babu takardar da ke ɗauke da sunansa. Wani ya ba shi mudun gero, wani ya aiko da wainar kisar daga gida, wani ya ce Allah Ya saka ya wuce. Haka ya yi shekara talatin da shida.

Wanda ya fara ganinsa, hannunsa na dama yake fara gani. Babban yatsa ne da manuni kawai suka rage.

A wurinmu namiji ba ya sakin igiyar doki. Da haka muka tashi. In dokin mutum ya ƙwace ya gudu, kafin la'asar mata sun sa shi a waƙa a bakin famfo, yara su ɗauka, har surukarsa ta ji. Saboda haka tun yaro yana ƙarami ake koya masa ya naɗe igiyar ragama sau uku a hannu, ya danne da babban yatsa, don ko doki ya fizga ba zai tafi shi kaɗai ba. Ɗaurin maza ake ce masa. Da irin ɗaurin nan Dungus ya riƙe ingarman mahaifinsa yana ɗan shekara ashirin da biyu, raƙumi ya ɓullo daga bayan rumfa, dokin ya zabura ya ja shi a ƙasa daga kasuwar hatsi har bakin kwari.

Sau ɗaya na ji ya ba da labarin da bakinsa, kuma bai ja shi ba.

"Kwana bakwai ana zuwa gaishe ni," in ji shi. "Kowa ya shigo sai ya ce, Dungus namiji ne, bai saki ba. Har rago aka yanka. Amma duk cikinsu babu wanda ya zo mini da yatsa ko ɗaya."

Tun daga ranar da ya zauna a gindin tsamiya doka ɗaya ya kafa: igiya a ninke take a tafin hannu, ba a naɗe ba, yadda in doki ya fizga za ta zare ta bar mutum. Wanda ya zo masa da ɗaurin maza ba ya duba dokinsa, ko da jini yake zubarwa, sai an warware. Shekara talatin da shida yana faɗin kalma biyu kowace safiya, "Ninke, ɗana," har muryarsa ta saba ta daina ɗagawa.

Jime, wanda ya fi duk masu amalanke baki, shi ne abokin faɗansa na kullum.

"Abba, ni fa hannuna ba irin naka ba ne. Nawa ƙashin raƙumi ne."

"Nawa ma ƙashin raƙumi ne, har ranar da raƙumin ya zo karɓar kayansa. Warware."

"To in ya gudu fa? Kai za ka tare mini bakin matan nan?"

"In ya gudu zai gaji ya tsaya, doki ne, ba jirgi ba. Ka taɓa jin yatsa ya gaji ya dawo?"

Jime ya warware yana gunaguni, Iya Kaltuma tana dariya a bayan tukunyarta.

Ni da takardar jami'a na dawo garin nan shekara huɗu da suka wuce, aka tura ni ofishin kula da dabbobi. Ranar da na fara zuwa yi wa dawaki allura, na lallaɓa ta bayan wata goɗiya a hankali, don kada in dami mutane. Ban san ya taso ba, sai na ji an ja mayafina baya. Kofaton goɗiyar ya wuce ta inda fuskata take.

Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "'Yata, kunyarki kyakkyawa ce, amma ki riƙa barinta a gida. Doki bai san kunya ba. Abin da ya zo masa shiru ta baya, kura ce a wurinsa. Ki yi masa magana tun daga nesa, ki zo ta kafaɗa, ki sa hannu a jikinsa, kada ki ɗauke har ki gama zagayawa."

Na ce ban san abin da zan ce wa doki ba.

"Ki gaya masa abin da kika karanta a makarantar. Shi ma ba zai gane ba, kamar mu."

Abin da na gani a shekarun nan kaɗan ne a kan abin da wasu suka gani. Malam Annur, shugaban masu amalanke, ya ce kafin Dungus, in za a gyara kofaton doki mai gardama maza shida ake tarawa, a ɗaure ƙafafu a kayar da shi, kuma da wuya damina ta zagayo ba a karya haƙarƙarin wani ba. Dungus ya hana kayarwa. Yakan yi kwana uku yana shafa ƙafar doki daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙasa, har dokin ya ɗaga ƙafar da kansa. Iya Kaltuma ta ce ba ta taɓa ganinsa ya zauna dirshan ko ya durƙusa kusa da doki ba, tsugunne yake kullum, yadda zai iya tashi. Ta ce ya taɓa korar wani attajiri da ya zo da silifa, ya ce ya koma ya sa takalmi mai rufi in yana son ya tsaya kusa. Shi ya koya wa garin ƙullin da ake fizge bakinsa sau ɗaya ya kwance. Shi ya sa mai riƙe doki ya riƙa tsayawa ɓangare ɗaya da mai yin magani, don in dokin ya juya gindi ya juya inda babu kowa. Malam Annur ya ƙirga mini da carbinsa: a gindin tsamiyar nan, a duk shekarun nan, babu wanda ya rasa ido, babu wanda ya rasa yatsa, babu wanda aka ɗauka a kan tabarma.

Kai ne, Abba, mai hana gaggawa. Kai ne wanda ya mayar da rashinsa makaranta, ba ka taɓa ɓoye hannun a aljihu ba.

Amma tsamiya wuri ɗaya ce, garin kuwa da faɗi. Mutanen nan sukan ninke a gabansa, suna karya kwanar masallaci su naɗe abinsu. Ya sani. Shekara shida da suka wuce, a kan hanyar kwari, dokin wani mai amalanke, Bishara, ya tsorata da babur, ya fizge shi da ɗaurin maza a hannu, kafaɗar ta fita, hannun ya mutu har yau. Aka je gaishe shi, aka ce namiji ne. Dungus bai je da ayarin ba. Ya bari sai da kowa ya watse, ya je shi kaɗai ya zauna da shi. Washegari ya dawo gindin tsamiya ya ci gaba da cewa, "Ninke, ɗana."

A shekarata ta biyu na lura da wani abu. Gaisuwarsa ta yi tsawo. In mai amalanke ya miƙo hannu, sai ya riƙe da hannu biyu, yana tambayar gida da yara, yatsunsa suna bin wuyan hannun mutumin. Da na ɗauka tsufa ne ya ƙara masa son mutane. Daga baya na gane sawun igiya yake lalube, domin ya daina ganinsa. Da safe kuma tsintar ƙasa ta koma ta tafin ƙafa, yana jan takalmi a hankali yana sauraro. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu, ya ɓoye.

'Yarsa Arafa, da ke aure a Njamena, ta zo har sau uku don ta tafi da shi a yi masa aikin ido. Zuwanta na ƙarshe ina wurin.

"Abba, likita ya ce in aka daɗe ba a san abin da za a tarar ba. Kai kaɗai ne mai hannu a garin nan? Ga Jime, ga su Malam Annur, duk sun iya kofato."

"Sun iya kofato."

"To me ya rage?"

"Wuƙa kowa ya iya ta, Arafa. Wanda zai zauna a nan, sai wanda zai iya buɗe baki a gaban jama'a ya ce wa namiji, sake. Ba zai iya faɗa ba sai shi ma ya taɓa saki an gani. Kawo mini mutum ɗaya a garin nan, in bi ki yau."

Ta koma ita kaɗai, tana kuka a motar kasuwa.

Wata biyu bayan nan wani akawalin doki ya harbe shi a cinya. Harbi na farko cikin shekara talatin. Bai ga kunnuwan dokin sun kwanta ba. Ya yi mako guda a gida, ya dawo da sanda, kuma tun daga nan duk wanda ke ƙaunarsa ya san lissafin: ko ya tafi a buɗe masa ido, ko wata rana kofato ya same shi a inda ba a tashi.

Akwai mutum ɗaya da yake sa rai a kanta. Nurasham, matar Bishara, ita ta ɗauki amalanken mijinta bayan hannunsa ya mutu, da kilin dokinsu. Mace ɗaya cikin maza arba'in, doguwa, mai kaifin harshe, ba ta barin bashin magana. Shekara biyu tana tsayawa bayan ta gama zagayen ruwa, tana riƙe masa ƙafa, tana koyon wuƙa. Dawaki suna natsuwa a hannunta fiye da na kowa.

Wata safiya tana wanke wa kilin ƙafa, ya kira ni kusa, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ni ba zan kama hannun matar mutane ba. Duba mini wuyan hannunta na dama, ki gaya mini gaskiya."

Na so a ce bai tambaye ni ba. Sawu uku ne, baƙaƙe, sun fi na Jime zurfi. Na gaya masa.

Ya juya wajen da take. Sannan ya ce, "Nurasham. Ke ma?"

Ba ta musa ba. Ta ajiye guga ta miƙe.

"Abba, in Jime ya saki, kwana uku za a yi masa waƙa a manta. In ni na saki, cewa za su yi dama mace ce, me ya kai ta. Gidajen da nake kai wa ruwa za su koma wurin maza. Da me zan ciyar da mai hannu ɗaya da yara huɗu?"

"Da hannu biyu," in ji shi. "In kin rasa ɗaya, da me?"

"Kai dai ka faɗa, Abba. Ba kai za a yi wa dariya ba."

"An yi mini yabo. Na gwada shi, ba ya riƙe cokali."

Ranar bai sha shayinsa na biyu ba. Na ga gajiya a jikinsa irin wadda ban taɓa gani ba, ta mutumin da ya faɗi magana ɗaya sau dubu goma ya tarar ko na kusa da shi bai ɗauka ba.

Abin ya zo a farkon daminar bara, ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da ƙudaje masu cizo suka sa kowane doki ya zama a tsorace. Nurasham ta kwance kilin daga amalanke tana jansa zuwa kwamin ruwa, igiya a ninke tunda a gaban tsoho take. Wani mai babur ya zo wucewa da kwanon rufi a baya, ɗaurin ya tsinke, kwanon ya zube a ƙasa da ƙara. Kilin ya tashi da ƙafafun gaba, ya sauko, ya zabura.

Igiyar ta fara zarewa a tafinta. Na ga hannunta ya juya zai naɗe, domin jiki ya riga ya saba. Maza suka taso suna ihu.

"Naɗe! Naɗe shi, Nurasham! Riƙe!"

Tsohon bai ga komai ba, kunne kawai yake da shi. Ya miƙe a kan sandarsa, ya ɗaga muryar da ban san yana da ita ba.

"Sake!"

Ta buɗe hannunta.

Kilin ya bi ta tsakiyar masu tumatir, ya watsar da tire biyu, ya nufi kwari igiya tana binsa a ƙasa. Sai dariya ta tashi. Jime ne ya fara.

"Yau ruwan unguwar gabas ya tafi kiwo! Nurasham, a kawo miki akuya ki fara da ita?"

Wata daga cikin masu ɗiban ruwa ta fara tafi, ta ɗauko bakin waƙar da kowa ya sani.

Nurasham ba ta bi dokin ba. Ta hau kan dakalin famfo, ta ɗaga hannuwanta biyu sama, tafin dama ya yi ja inda igiya ta goge shi, ta ware yatsunta.

"Ku taya ni ƙirga, tunda bakinku a buɗe yake. Ɗaya. Biyu. Uku." Ta bi su har ƙarshe, ba ta yi sauri ba. Sannan ta juya wajen mai tafin. "Ke Amne, ci gaba da waƙarki, tana da daɗi. Bishara bai saki ba, kun yi masa guɗa. Shekara biyar ke nan ni ke sa masa riga. Wace ce a cikinku ta taɓa zuwa ta taya ni?"

Tafin ya mutu. Jime ya sunkuya yana gyara wani abu a amalankensa da bai lalace ba.

Abba Dungus ya laluba ya kama gefen mayafina.

"'Yata, nawa ne?"

"Goma ne, Abba."

"Kin ƙirga da kanki?"

"Na ƙirga."

Ya koma ya zauna kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya jawo jakar fatar nan, ya shafa ta, ya ce a kira masa Nurasham. Da ta zo ya ajiye jakar a ƙasa a gabanta.

"Wuƙa biyu ce a ciki, ƙaramar ta fi ci. Turken ƙarshe yana sako-sako in an yi ruwa. Kada ki yarda da leda." Ya juyo wajena. "Ki buga wa Arafa."

Kilin kuwa, kafin azahar aka tarar da shi a bakin kwari yana cin ciyawa, ko ƙwarzane babu. Gida biyu sun daina sayen ruwan Nurasham. An yi mata waƙar ma, ta kwana biyu, ba ta yi armashi ba.

An yi wa Abba aiki a Njamena. Idon hagu ya buɗe. Na dama, likita ya ce an makara, da an zo shekara biyu da suka wuce da wata magana ce. Arafa ta ce da aka gaya masa, cewa ya yi dama ya saba da rabi. Yana can gidanta yanzu, yana ƙorafin tuwon birni ba ya riƙe ciki, yana korar jikoki daga bayan jakin maƙwabta.

Ba zan ce garin ya canza ba. Har yanzu akwai masu karya kwanar masallaci su naɗe. Nurasham ba ta gaisawa da maza hannu da hannu, saboda haka dokarta ta fi tasa tsauri: duk wanda ya kawo doki sai ya naɗe hannun riga ya nuna mata. Jime yakan nuna yana cewa ko a shingen sojoji ba a yi masa haka ba. Amma a watan jiya dokinsa ya fizge a kasuwar hatsi, ya saki, kuma da bakinsa ya zo ya faɗa.

Abba Dungus, mun gode. Kai ne ka ba garin nan yatsu uku da ido ɗaya, ba ka taɓa cewa a biya ka ba. Kai ne ka jure a kira ka matsoraci don 'ya'yan wasu su ci tuwo da hannunsu. Mun bar ka ka faɗi magana ɗaya shekara talatin da shida, mun gajiyar da kai, ka yafe mana. Allah Ya ƙara wa idon da ya rage haske, Ya ba ka hutun da ka ƙi ɗauka da wuri.

Ku kuma masu dawaki, na nan da na ko'ina, ku yi wa doki magana kafin ku iso gare shi, ku ninke igiya, in ya fizga ku buɗe hannu. Mu mata kuma, da bakinmu aka ɗaure hannuwan nan. In kun ga namiji ya saki dokinsa, ku ba shi ruwa ya sha, ku bar waƙar.

Duk ranar Juma'a bayan an sauko yakan sa Arafa ta kira ni. Ba ya tambayar tsamiya, ba ya tambayar wanda ya mutu ko wanda ya yi aure. Tambaya ɗaya ce, kuma na san za ta zo jibi, shi ya sa na zagaya bakin famfo da safen nan na duba hannuwan masu amalanke ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga, Abba. Har yanzu kai kaɗai ne mai bakwai.